Ɗigon Fenti a Kusurwar Hagu

"Kada ka taɓa fuskarta da hannu," in ji Mai Feshi. "Ta ciki za ka kama, inda ido ba ya gani."

Tela ya kama ta ciki. Su biyu suka ɗaga sabuwar bambar motar, suka ɗora ta a kan benci biyu da aka jera a tsakar gida. Roba ce, ba wani nauyi gare ta ba, amma kafin su dire ta Mai Feshi ya fara haki, sai da ya dafa bango yana jan iska da baki. Tela ya yi kamar yana duba ƙafar benci har hakin ya lafa. Shekara ashirin da shida ke nan katanga ɗaya ce tsakaninsu, ya san abin da maƙwabcinsa ba ya so a gani.

Auta ce ta jawo aikin. Ita ce 'yar Mai Feshi da ta rage a gidan tun bayan rasuwar uwarta, malamar makaranta ce, kuma ita ke tuƙa tsohuwar shuɗiyar motarsa ta kai shi asibiti duk ranar Talata. Wata rana garin juyawa ta daki ginshiƙin ƙofar gida, bambar gaba ta tsage gida biyu. Ta sayo sabuwa, baƙa ƙirin yadda ake sayar da su, ba fenti ko ɗigo. A ganinta a ɗaura ta haka nan a wuce wurin, mota ai tafiya ake so ta yi. Uban ya dube ta kamar ta zage shi.

"Shekara arba'in ina fesa motocin mutane," ya ce, "sannan tawa ta tsaya a ƙofar gidana da baƙin baki? A tambaya motar wa, a ce ta Mai Feshi?"

Likita ya riga ya hana shi ko da wucewa ta inda ake fenti, domin fentin ne ya cinye masa huhu tun farko. Saboda haka sai ya jira ranar da Auta take da darasi har yamma, ya leƙa ta katanga ya kira Tela.

Shi kuwa Tela, a faɗi gaskiya, ya iya ɗinki. Aibinsa ɗaya ne: tun da aka haife shi bai taɓa yin kuskure ba. In wando ya fito a ɗangale, mai wandon ne ya ƙara tsawo tsakanin awo da karɓa. In riga ta matse, yadin ne ba shi da kyau. Mutanen layin sun daina musu da shi tuntuni, sai dai su karɓi kayansu su tafi suna dariya. Mai Feshi kaɗai ne bai daina ba, shi ma don yana jin daɗin musun ne.

Wankin bambar Mai Feshi bai yarda kowa ya sa masa hannu ba. Kwana uku ya yi yana fama a ɓoye, yana yi yana hutawa. Ya wanke ta da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, ya bi ta da sanfefa mai laushi har sheƙin robar ya dushe, ya shanya ta a rana, ya sake wankewa.

"Roba ba ƙarfe ba ce," ya gaya wa Tela. "Da maiƙo take zuwa daga kamfani, wanda suke shafa wa mazubi don kada ta manne. In ka bar ko kaɗan, fenti ba zai zauna ba. Duba nan."

Ya watsa mata kofin ruwa. Ruwan ya bi jikinta ya kwanta shimfiɗe, bai dunƙule a ko'ina ba.

"Ka gani? Da akwai sauran maiƙo, da ka ga ruwan ya tattaru ƙwaya-ƙwaya. Wannan ta fita."

Suka zauna a inuwa suna jira ta bushe. Mai Feshi ya buɗe wani gwangwani ya nuna masa shuɗin da ya haɗa da kansa. Ba shuɗin da motar ta fito da shi ba ne, wai, shuɗin da rana ta bar mata ne bayan shekara goma sha tara, kuma wannan ba a sayar da shi a ko'ina, sai dai ido ya haɗa. Ya mayar da murfin, ya ajiye gwangwanin a gefe don sai daga baya za a kai kansa. Da bambar ta bushe ya sunkuya ya hango ta daga gefe.

"Ƙura ta ɗan hau. Samo min tsumma mai tsabta, wanda ba ya zubar da gashi."

In ana neman tsumma a duniya, ai wurin tela za a je. Tela ya zaga shagonsa, wanda yake a ɗakin gaban gidansa, ya fizgo wani farin ƙyallen auduga da ke rataye a wuyan keken ɗinki. Ya dawo ya goge bambar da kansa, tun daga kusurwa har kusurwa, ya bi kowane lungu, har yana cewa irin wannan gogar ko a kamfani sai an nema.

Mai Feshi ya ta da injin iska, ya ɗaura takunkumi, ya ɗauki bindigar feshi. Hannun nan da ko kofin shayi ba ya riƙewa sai ya zubar, yana kama bindigar ya tsaya cak. Tela ya ga wannan da idonsa. Dattijon ya fara da wani ruwa garau mai sa fenti ya kama roba, ya yi masa shafa ɗaya siririya. Takunkumin ya hana shi numfashi, sai ya janye shi zuwa haɓa ya ci gaba. Bayan ɗan jira ya zuba fentin shimfiɗa mai ruwan toka, ya tafi da shi daga dama zuwa hagu, ya dawo, kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi.

Da farko komai lafiya. Sai wani ɗan rami ya buɗe a tsakiya kamar an soka allura, baƙar robar tana leƙowa ta ƙasa. Sai wani kusa da shi. Kafin Tela ya gama mamaki fentin ya ja da baya a wuri ya fi ɗari, kamar ruwa a kwanon da aka ci abu mai maiƙo. Mai Feshi ya ƙara wata shafa don ya rufe, ramukan suka sake buɗewa a inda suke. Ya kashe injin.

"Maiƙo ne," ya ce. Ya juyo. "Tela, tsumman nan sabo ne?"

"Fari fat, ai kai ma ka gani."

Maganar ta riga tunanin fitowa, kamar yadda ta saba. Tana fita kuwa Tela ya tuna da safiyar ranar, lokacin da ya ɗiga wa kekensa mai a ramuka bakwai, ya goge abin da ya malalo da wannan farin ƙyallen. Man keken ɗinki ba shi da launi, ba ya nunawa a farin yadi. Ya cusa tsumman a aljihu, ya yi gum.

Mai Feshi ya daɗe yana kallon bambar. "To ni ne," ya ce a hankali. "Ban iya fitar da shi ba."

Sai tari ya sarƙe shi. Ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, kuma bai iya tashi ba.

Kwana huɗu ya yi a asibiti. A barandar asibitin Auta ta wanke Tela tas, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Kawu, da yaro ne ya biye masa sai in ce yarinta. Kai fa? Kana tsaye yana shaƙar abin da zai kashe shi."

"Ai kin san halin babanki, in ya kafe..."

"Na san halinsa. Naka ma na sani."

Aka sallamo shi da wata na'ura mai ba da iska, da siririn tiyo da ake maƙala masa a hanci. Likita ya gaya wa Auta a kai shi gida ya huta a ɗakinsa, kuma kowa ya gane abin da ake nufi. Aka jawo gadon kusa da taga. Daga shagonsa, ta cikin bango, Tela yana jin gunjin na'urar ƙasa-ƙasa duk wuni, ba ta tsayawa.

Kullum da hantsi yakan shiga ya gaishe shi. Yakan kawo labarin wanda ya zo da yadi bai kai ba yana neman riga da wando, ko ya tsokane shi da wata tsohuwar gardama. Mai Feshi ba ya tankawa. Ya sa an juya bambar ta fuskanci bango. Ya ce wa Auta ta ba da bindigar da injin ga duk mai so, bambar kuma ta kai gareji a yi mata yadda ake yi. Abinci sai ya kalla ya kau da kai.

"Ba ciwon ne ya dame ni ba," ya ce wa Tela a rana ta uku, yana magana yana tsayawa. "Wannan na san da shi tuntuni. Amma na goge, hannu bai fitar ba. Na watsa ruwa na duba, ido bai gani ba. Hannu da ido, rana ɗaya. To me ya rage da ake ba shi abinci?"

Tela ya ce ai kowa yana iya samun akasi. Ya ce wataƙila robar ce ta zamani ba ta da kyau. Har ya fara kawo zancen iska da zafin rana, sai ya ji muryarsa tana ba shi kunya, ya yi sallama ya fita.

Da ya koma shago bai iya ɗinki ba. Ya zaro tsumman daga aljihun rigar da ya sa a ranar, ya goga shi a madubin da masu kaya ke duba kansu, wai ko Allah ya sa ba shi ba ne. Wani siririn dishi-dishi ya kwanta a kan gilashin. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon abinci, ta ga komai. Shekara talatin tana aure da mutumin da ba ya laifi, ba ta buƙatar a yi mata bayani.

"Da wannan ka goge?"

"Ai fari ne."

"Ban tambaye ka launinsa ba." Ta ajiye kwanon a kan teburin yanka. "In za ka faɗa, ka faɗa yana ji. Auta ta ce yau ko shayi bai sha ba."

Duk da haka sai da ya ƙara kwana ɗaya. Tsoro yake ji, kuma ba tsoron faɗan Mai Feshi ba. Tsoron ya buɗe baki ya ce ni ne, abin da bai taɓa gwada faɗa ba, bai ma san yadda ake farawa ba. Ya shirya jawabi mai tsawo da ya haɗa da halin man keke da yadda farin yadi ke yaudarar ido. Washegari da ya shiga ɗakin ya ga yadda wuyan dattijon ya ƙara zurmawa cikin matashi, jawabin duk ya gudu. Auta tana zaune a gefen gado da kofin shayin da ya huce.

Tela ya fito da tsumman ya ajiye a kan bargo.

"Da shi nake goge keke in na sa mai. Ranar ma na goge da safe. Na tuna tun a wurin, na yi shiru."

Mai Feshi ya kalli tsumman, bai kalli Tela ba.

"Auta, kawo farantin gilashi da ruwa."

Ta kawo. Ya sa Tela ya goge rabin farantin da tsumman, ya bar rabi. Ya karɓi kofin ruwan, ya zuba. A gefe ɗaya ruwan ya kwanta. A ɗaya gefen ya tattaru ƙwaya-ƙwaya yana gangarowa kan bargo. Dattijon ya karkata farantin ga hasken taga ya duba, ya sake dubawa.

"Ashe ta fita," ya ce. "Na ce ta fita."

Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Auta ta zabura tana zaton tari ne, ashe dariya ce, ko da yake daga baya ta koma tarin. Da ya samu kansa ya nuna Tela da yatsa.

"Shekara ashirin da shida kana gajarta min wando kana cewa na ƙara tsawo. Ni da na wuce sittin. Yau Allah ya kama ka." Ya huta. "Man keke. Kai, Tela, ba ka da kirki."

"Ba ni da shi."

"Auta, ɗumama shayin nan. Da burodi?"

Ita Auta ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki kofin ta wuce Tela kamar babu kowa a wurin, kuma ya san ya cancanci hakan. Kafin ta dawo uban ya riga ya yanke shawara: za a kankare fentin nan duka, a sake daga farko.

"Baba, ba za ka ƙara riƙe bindigar nan ba."

"Na sani. Shi zai riƙe. Mutumin da ke bin layi da allura zai iya bin layi da feshi."

Auta ta kalle shi yana tsoma burodi a shayi, abin da rabonsa da yi an kwana huɗu. Sannan ta gindaya sharaɗi: taga a rufe, jiƙaƙƙen tawul a ƙasan ƙofa, kuma duk wanda ya taɓa fenti sai ya yi wanka ya canja kaya kafin ya shigo ɗakin.

Kwana biyu Tela ya rufe shago yana durƙushe a tsakar gidan maƙwabcinsa da bokiti da sanfefa. Sai a lokacin ya san abin da dattijon ya yi shi kaɗai da rabin huhu. Kan yatsunsa ya sale har ba ya jin zare in ya kama. Ya wanke da ruwan zafi, ya shanya, ya sake wankewa. Duk lokacin da ya zaci ya gama, sai ya ɗaga bambar ya kai ta gaban taga ya watsa ruwa, Mai Feshi ya girgiza kai ta bayan gilashi ya nuna wani lungu. A karo na biyar ya gyaɗa kai. Tsumma kuwa Auta ce ta kawo, tsohuwar rigar matashi da ta dafa a tukunya, kuma ba ta ba shi ba sai da ta ga ya wanke hannu da sabulu.

Da yake murya ba ta ratsa rufaffiyar taga, Mai Feshi ya nemi cokalin shayi. In ya ƙwanƙwasa gilashi sau ɗaya, Tela ya danna bindigar ya fara tafiya. In ya sake ƙwanƙwasawa, ya saki. Suka gwada da ruwa a jikin kwali har yamma. Tela ya so ya ce shi yanzu ya gane, ba sai an buga masa ba, amma ya haɗiye.

Suka yi feshin da safe, kafin iska ta taso. Tela ya yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ya ɗaura takunkumi. A cikin ɗaki Auta ta zauna a kan gado ta jingina uban a jikinta, fuskarsa dab da gilashi. Cokali ya buga, Tela ya tafi. Cokali ya buga, ya saki. Ruwan farko ya hau, mai ruwan toka ya hau, ba rami ko ɗaya. Suka jira ya sha iska. Sannan Tela ya buɗe gwangwanin shuɗin, ya tace shi yadda aka koya masa, ya yi shafa uku, ana hutawa tsakani. Baƙar robar nan ta koma kamar da ita aka haifi motar.

Saura mai sheƙi, wanda ake rufewa da shi. Shi ne mai wuyar, in ji Mai Feshi tun jiya, domin in ya yi kaɗan ba zai yi ƙyalli ba, in ya yi yawa zai zuba. Shafar farko ta tafi lafiya. A ta biyu, a layin ƙarshe, cokali ya buga, Tela ya taho daga dama har ya iso kusurwar hagu, bai ji bugu na biyu ba. Hannunsa ya rage gudu yana jira, yatsansa yana kan kunamar. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba ya saki da kansa, ya ɗaga kai. Ta bayan gilashi ya ga kan dattijon ya faɗa a kafaɗar Auta, tari yana jijjiga shi, cokalin ya suɓuce a kan bargo.

A kusurwar hagu fentin ya taru, ya yi nauyi, ya gangaro kamar tsawon gaɓar yatsa ya tsaya.

Tela ya wanke bindigar, ya je gida ya yi wanka, ya canja riga, ya dawo. Mai Feshi yana kwance, idonsa a rufe, amma yana jin motsi ya buɗe.

"Yaya ta yi?"

"Kamar madubi. Sai dai ya zuba a wuri ɗaya, kusurwar hagu, ɗan kaɗan."

"A layin ƙarshe ne. Ban buga ba, ko?"

Auta ta ɗaga kai ta dubi Tela.

"Ka buga," in ji Tela. "Na ji sarai. Ni ne na yi nauyin hannu."

Mai Feshi ya zuba masa ido ya daɗe. Ko ya yarda ko bai yarda ba, Tela bai taɓa sani ba.

"Sau biyu ke nan a sati ɗaya," ya ce. "Auta, ki duba Kawunki, ina jin ba shi da lafiya." Ya lumshe ido. "Kwana uku kada kowa ya taɓa ta. Ko ƙuda."

Bai cika kwana ukun ba. A rana ta biyu da hantsi Tela yana shago yana fama da zare da allura, yatsun sun ƙi ba shi haɗin kai, sai ya ji wani abu ya canja. Ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya gane gunjin da ke zuwa ta bango ne ya tsaya. Ya ajiye allurar. Kafin ya kai ƙofa matarsa ta riga shi fita, tana ɗaura ɗankwali a hanya.

Auta ta ce ya sha rabin kofin shayi, ya tambaya ko ba a taɓa bambar ba, ta ce ba a taɓa ba. Ta fita wanke kofin, ta dawo ta tarar rai ya yi halinsa. Ita ta kashe na'urar.

Jama'a suka cika gidan, 'yan'uwa da mutanen layi da tsofaffin abokan aikinsa na gareji. Wurin zama ya yi kaɗan, wasu suka nufi bencinan nan biyu za su sauke abin da ke kai. Tela ya tare su. Ya kwaso kujerun gidansa kaf, har da wadda yake zama a kai yana ɗinki, ya jera musu, shi kuma ya tsaya a gaban bambar kamar mai gadi. Haka aka yi zaman, mutane suna share hawaye a kewaye da wata shuɗiyar bamba mai ƙyalli, ba wanda ya tambayi dalili. Ko da aka tafi kai shi makwancinsa, sai da Tela ya bar matarsa a wurin tana tsaro.

Bayan mako guda Auta ta kira bakanike ya zo ya ɗaura ta. Mutumin ya san Mai Feshi tun a gareji. Ya kara bambar a jikin motar, ya ja da baya, ya je dama ya dawo hagu yana neman inda launi ya bambanta, bai samu ba. Ya danna farce a wani lungu, ya lanƙwasa gefen robar ya saki, fentin ko gezau.

"Wannan haɗin dattijo ne," ya ce. "Allah ya jiƙansa. Yanzu babu mai wannan idon."

Yana shafawa sai yatsansa ya ci karo da ɗigon. Ya sunkuya.

"Nan fa? Shi ba ya zubarwa."

"Ni ne," in ji Tela.

"Ai shi ya sa. To ba komai, a bi shi da sanfefa mai laushi a goge, minti goma ba za a san an yi ba."

Tela ya dubi Auta. Tana tsaye a bakin ƙofa da makullin motar a hannu, kuma ita ce ta riƙe uban a ranar, ta san inda cokalin yake a lokacin.

"A bar shi," ta ce. Sannan ta juya ga Tela, karo na farko tun asibiti da ta kalle shi sosai. "Kawu, riƙe masa wancan gefen."

Tela ya kama ta ciki, inda ido ba ya gani.

Ranar Litinin Auta ta koma makaranta. Tela yana zaune a gaban kekensa ya ji ta ta da motar. Ta fito a hankali, ta ba ginshiƙin ƙofa fili sosai, ta tsaya a gaban shagon tana jiran wani mai kura ya wuce. Rana ta safe tana dukan gaban motar, shuɗin ya tafi sumul daga fitila zuwa fitila, sai a kusurwar hagu ne haske ya maƙale a wuri ɗaya ƙarami. Ta ɗaga masa hannu, ya ɗaga mata. Ya bi motar da kallo har ta sha kwana, sannan ya lashi bakin zaren ya nufi kafar allura da shi.